Lanƙwasar da ke Gonar Kufai

Littafin boko na farko da na mallaka ɗan siriri ne mai koren bango. An zana shanu biyu a jikinsa suna jan garma, ga wani mutum a bayansu ya ɗaga kai sai ka ce gonakin duniya duk nasa ne. Malamin gona na Kankia ne ya ba ni shi wata ranar kasuwa, a zamanin Turawa, shekarar da na gama ajin manya na fara haɗa baƙi da baƙi ba tare da na yi gumi ba. A bisa jaki na karanta shi, daga Kankia zuwa ƙauyenmu da ke bayan Ƙofa. Jakin ya lura hankalina ba ya tare da shi, ya ratse ya shiga kewayen rogon wani bawan Allah, ban ankara ba sai da na ji zagi daga nesa. Na ba da haƙuri littafin yana buɗe a hannuna, na ci gaba daga layin da na tsaya.

Abin da ke ciki ya hana ni zama. Wai huɗar da gayya guda za ta wuni tana yi da galma, shanu biyu za su gama ta kafin azahar. Wai takin shanun ya koma gona, harawa da karan gonar su koma cikin shanun, abu yana zagayawa babu asara. Shafin da ya fi tafiya da ni shi ne na tsakiya, inda aka zana kunyoyi a miƙe sambal daga wannan iyaka zuwa waccan, ko ɗaya ba ta karkace ba. A ƙasa an rubuta cewa manomin da ya san aikinsa ba ya barin ko taki ɗaya na gonarsa ya kwanta a banza. Na maimaita wannan layi har na haddace shi.

Amma in faɗi gaskiya, ba dawa nake nema ba, ba gyaɗa ba. Magana ɗaya nake nema daga bakin Baba. Ni ne ɗansa na fari, shi kuwa ya riƙe alkunyar nan da hannu biyu, fiye da kowane dattijo a ƙauyen. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya ce mini sannu ba. In yana son in miƙo masa buta, sai ya faɗa wa iska cewa butar nan ta yi nisa. Ƙannena kuwa, 'ya'yan matar da ya aura daga baya, har gemunsa suke ja yana dariya. Mahaifiyata ta rasu ina cikin zanen goyo. Ƙanwar Baba ce ta raine ni, ita nake ce wa Goggo, kuma ta bakinta kowace magana ke bi tsakanina da shi. Kowa ya ce haka al'ada take, ni ma na sani, amma sanin bai taɓa rage mini zafin ba. Na haura shekara ashirin ina jiran ranar da zan yi abin da zai sa dattijon nan ya manta da kara, ya juyo ya ce mini madalla. Da na ga littafin nan sai na ce ranar ta zo.

Gonarmu mafi kyau ita ce ta kufai. Nan gidan kakanninmu yake kafin rijiyar wurin ta ƙafe mutane su matsa kusa da hanya, shi ya sa ƙasarta baƙa ce wuluk, in ka tona sai ka yi ta cin karo da toka da tsingaro. Ko shekarar da ruwa ya yi wasa, ita ba ta ba mu kunya. Aibinta ɗaya a wajena: can wajen yamma, kunyoyinta sukan taho a miƙe, sai su lanƙwasa su kewaye wani ɗan fili mai ciyawa, su sake haɗuwa a gaba. Babu dutse a wurin, babu kututture, babu suri. Tun ina yaro nake bin lanƙwasar nan da fartanya saboda na tarar ana bi, ban taɓa tambaya ba, don wanda zan tambaya ba ya amsa mini.

A gefen filin nan Baba yake hutawa in an yi noma an gaji. Mu duk mu nufi tsamiya, shi kuwa ya zauna a rana tsaka, ya kwance gafakarsa, ya fito da littafinsa na warwara da ya gada daga kakanmu, takardu jajaye rubutun hannu, ya yi ta karatu a hankali leɓunansa na motsi. Nakan hango shi daga inuwa in ce a raina, tsoho da rigima, ga inuwa kyauta ya zaɓi rana. Da na fara boko ma har raini ya shiga. Nakan ce littafinsa na lahira ne, nawa na cika rumbu ne, Allah ya yafe mini.

Shanun daga wajen kawuna na Mawashi na same su, yayan mahaifiyata, cikin 'yan dabbobinsa da ke hannun Fulani. Ya ba ni bijimai biyu, fari da ja, ya haɗa ni da ɗansa, taubashina kuma sa'ana, mutumin da bai taɓa barin magana ta wuce bai sa mata gishiri ba. Garmar kuwa malamin gona ya ce zai ara mana ta damina guda, in mun kawo shanun gonar gwaji ta Kankia an hora su. Haka muka kwashe makonni a can cikin bazara. Aka huda musu hanci, aka ɗora musu karkiya, muka yi ta jan gungume muna zagaya fili. Farin mai haƙuri ne, kwana uku ya gane abin da ake so. Jan kuwa ɗan banza ne na gaske. In ya ga dama ya kwanta, ko me za ka yi ba ya tashi, sai ka juya baya ya miƙe ya bi ka da ƙaho. Ya taɓa jan taubashina a ƙasa tun daga bakin rijiya har gindin wani itacen gawo, ya tashi ba wando, ni kuwa dariya ta hana ni kai masa ɗauki.

"Ci gaba da dariya, malamin boko," in ji shi yana kakkaɓe jiki. "Duba littahin naka, shafi na nawa anka ce sa shi tuɓe ma mutum wando?"

Wata rana muna cikin horon sai Baturen da ke kula da aikin noma ya zo dubawa. Yana tsaye ana yi masa bayani aka wuce da gawa a makara, za a kai maƙabartar da ke bayan gonar gwajin. Ya cire hularsa har suka wuce. Sannan ya leƙa ta saman shingen aguwa, ya tambayi malamin gona, wai ina duwatsun? Malamin ya juya mana maganar. Wai a ƙasarsu kaburbura na kewaye da ɗakin ibadarsu, kowane da dutsensa a tsaye, an sassaƙa sunan mai shi da shekarunsa, jikokin jikoki su zo su karanta. Muka dubi juna. Taubashina ya jira Baturen ya yi nisa, ya ce, "Halan mala'ikunsu ba su gane mutum sai an rubuta musu suna?" Muka yi dariya har malamin gona ya harare mu. A wajenmu ana rufe mutum, a yi masa addu'a, a bar shi da Ubangijinsa, damina biyu ta wuce ƙasa ta daidaita. Ban ga abin tambaya a ciki ba a lokacin.

Da shanun suka horu muka koro su gida, garmar a bisa jaki, yara na bin mu tun daga Kusada. Saura izinin Baba. Na sami Goggo tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, na tsuguna na zazzage mata duk abin da ke cikin littafin, har da shafin tsakiya. Ta dubi hoton a juye, ta ce shanun sun yi ƙiba, Allah ya sa albarka. Da la'asar ta je ta same shi a zaure, ni kuma na laɓe a bayan danga ina ji.

"Mutumin naka na son a ba shi gonar kuhwai shi gwada shanunshi," in ji ta.

Baba ya ce, "Ga ta hanya, ga ta bakin rahi. Mi ya sa sai ta kuhwai?"

"Ya ce ita ta hi kyau, ita mutane za su gani."

Baba ya ce, "A ce mishi shi yi. Amma shi bi tsohuwar kuyya yadda ya ganta. Inda ta miƙe shi miƙe, inda ta kauce shi kauce."

Ban tsaya jin ƙarshen ba. Na ji "shi yi", sauran kuwa ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Na ruga wajen shanun na rungume wuyan farin, jan ma na so in rungume shi ya nuna mini ƙaho. Goggo ta zo ta maimaita mini sharaɗin kalma bayan kalma, na ce to, to, na ji. A raina kuwa na ce ai mai galma ne ke kaucewa, don hannunsa ya saba. Bari ya ga aikin ƙarfe.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba da yamma, mai ƙarfi, har ƙasa ta sha ta ƙoshi. Washegari da muka idar da sallar asuba muka ɗaura karkiya. Kafin rana ta fito sosai, bakin gonar ya cika. Ban san ƙauyenmu na da mutane haka ba. Har daga Ƙofa an zo, wasu da galmarsu a kafaɗa, sun fasa zuwa tasu gonar don su ga yadda za mu kunyata. Wani tsoho ya ce ƙarfen Nasara zai ƙone ƙasa. Wani ya ce sa ba jaki ba ne, ba a haife shi don bauta ba. Dattawa suka zauna gindin tsamiya, Baba a cikinsu, gafakarsa a hammata, ya juya gefe yana hira kamar wucewa ya zo yi. Na san yana kallo, don hirar tasa ba ta da kai.

Taubashina ya kama igiya a gaba, ni na kama hannun garma. Na yi bisimilla, na kafa bakinta a tsakiyar tsohuwar kunya ta gefen gabas, na ce mu je. Wayyo, wannan ƙara! Ƙarfen ya nutse, ƙasa ta tsage biyu tana kifewa hagu da dama, baƙa, mai laushi, tana tururi. Ƙamshinta ya bugi hancina. Ban taɓa jin ƙarfi irin na ranar ba, kamar ni ne nake jan shanun ba su ke ja na ba. Kafin mai galma ya tofa yawu a tafinsa ya gyara tsayuwa, mun kai ƙarshen gona mun juyo. Yara suka ɓarke da ihu suna bin mu a baya suna tsintar gwazarma. Balbelu suka sauko. Wata tsohuwa da ta zo wucewa da ƙwaryar nono ta ajiye ta ta rangaɗa guɗa.

Kunya biyar, kunya goma. Jan ma ranar ya yi hankali, ko taron ne ya burge shi oho. Tsohon da ya ce ƙasa za ta ƙone ya taso ya tsuguna, ya tura hannu cikin huɗar har wuyan hannu, ya damƙo ƙasa ya shinshina, ya koma wurin zamansa. Masu galma suka fara matsowa, wannan ya ce a ba shi ya taɓa, wancan ya ce nawa ne nauyinta. Ni kuwa ina tafe ina ƙara ɗaga kai, ina satar kallon tsamiya a kowane juyi. Sau ɗaya na kama Baba ya daina hirar, ya miƙa wuya. Da ya ga na gan shi sai ya shiga gyaran hula. Daɗi ya kusa kashe ni.

Hantsi ya ɗaga muka iso wajen yamma. Taubashina ya tsayar da shanun, ya nuna lanƙwasar da haɓa.

"To malamin boko, ga gwiwar tsoho. Ta ina za mu bi?"

Na juya na dubi abin da muka yi. Kunyoyi a jere, a miƙe, daidai da hoton shafin tsakiya, har sun fi shi kyau don su suna da ƙamshi. Na dubi gaba, ga ɗan filin nan mai ciyawa ya tsaya mini a hanya. In na kauce, duk sauran kunyoyin yamma za su bi shi su karkace, aikin ya lalace a idon jama'a. Kuma ga layin nan da na haddace yana yi mini waƙa a ka, manomin da ya san aikinsa ba ya barin ko taki ɗaya.

"Miƙe," na ce.

"Goggo hwa ta ce an ce ka kauce."

"Na ji abin da anka ce. Wuri ne mai tauri, galma ta kasa shi, shi ke nan. Yau za ya ga an hwasa mishi shi. Ja mu tahi."

Ya ɗaga kafaɗa ya ja igiya. Har ga Allah, a lokacin ina ganin kyauta zan yi wa Baba. Ina ganin zai taso ya ga wurin da ya gagare shi shekara da shekaru ya zama kunya, ya rasa yadda zai yi sai ya yi magana.

Shanun suka taka ciyawar. Bakin garma ya ci gefen filin kamar kamu ɗaya. Sai na ji an kira sunana.

Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Na waiga. Baba ne, a guje. Mutumin da ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba, ga shi yana tsallake kunyoyi, hularsa ta faɗi, babbar rigarsa na harɗe shi. Gafakar ta suɓuce daga hammatarsa ta buɗe, takardun suka watse a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, bai ko waiwaye su ba. Ya sake kiran sunana, da ƙarfi, a gaban duk mutanen ƙauye. Ba zan ɓoye ba, farin ciki ne ya fara zuwa mini. Na ce shi ke nan, abin ya kai shi, ya kasa daurewa. Har na fara murmushi.

Ya iso ya sha gaban shanun, ya dafa goshin jan da tafinsa, bijimin da kowa ke tsoro. Yana haki. Ya dube ni ido cikin ido.

"Tsaya nan inda kake. Innakka ce kwance nan. Shanunka bisa kanta suke."

Hannuna ya saki garmar da kansa. Na dubi ƙasa. Shekara nawa ina wuce wurin nan, sai ranar na gan shi: tsawonsa tsawon mutum, ya kwanta kudu da arewa, ɗan tudun da ya rage bai fi tafin hannu ba. Kofaton farin na dama yana tsakiyarsa, ya lotsa ƙasar. Taubashina ya yi salati da wata irin murya, don ita ƙanwar ubansa ce, shi ma bai sani ba. Ya ja shanun da baya a hankali, yana lallashinsu kamar masu barci ne a wurin. Ihun yara ya mutu. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da gona. Dattawan tsamiya suka sunkuyar da kai, don duk cikinsu babu wanda bai sani ba.

Daga baya na tuhumi Goggo, na ce don me ba ta faɗa mini ba. Ta ce, "Yo wa ke ɗaukar yaro shi kai shi shi nuna mishi kabarin uwa tai? Da ka girma kuwa na ɗauka wani ya hwaɗa maka." Haka kowa ya ɗauka. Ni kuma na ɗauka tana maƙabartar gari tare da sauran mutane, ban taɓa tambaya ba, don yaron kirki ba ya tambayar irin wannan.

A gonar dai, na durƙusa. Na shiga mayar da ƙasar da garma ta kifar, da hannu, ina cike sawun kofato, ina dasa ciyawar da ta tuge kamar za ta koma yadda take. Kuka nake yi irin wanda ban yi ba tun ina ƙarami, ina cewa Baba ka yafe mini, ban sani ba, wallahi ban sani ba. Kunya da baƙin ciki suka taru a kaina. Ga haushi kuma, don ina jin da an faɗa mini kalma ɗaya tak da duk wannan bai faru ba, amma babu bakin faɗa.

Baba ya tsuguna a ɗaya gefen, shi ma ya sa hannu. Muka daidaita wurin tare. Da muka gama ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa, taubashina na tsaye nesa riƙe da igiya yana share fuska da hannun riga.

Sai Baba ya waiga ya ga takardunsa a warwatse, wasu sun manne da laka, wasu iska ta kai su cikin gamba a bakin iyaka. Na tashi da sauri na shiga tsinta. Na kawo masa su a hargitse, na zauna a gabansa, wurin da ban taɓa zama ba. Littafin warwara ba shi da lambar shafi, sai kalmar da ake rubutawa a ƙasan kowace takarda don a san wadda ke bi mata. Ya riƙa karanto kalmar, ni ina nemo takardar da ta fara da ita ina goge lakar da bakin rigata. Karatun allona da na yi watsi da shi ya dawo mini da ƙyar, ina tuntuɓe yana gyara mini. Muna cikin haka ya fara magana, idonsa na kan takardun.

Ya ce nan ɗakinta yake, ƙofarsa na duban gabas. Ya ce da damina ta rasu, kwana arba'in da haihuwata ba su cika ba, ana ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa, rafi ya cika ya raba su da gari, sai aka rufe ta a bayan ɗakinta kamar yadda mutanen da suke yi. Da aka tashi daga gidan, katanga ta zube, wuri ya zama gona, shi ya ja kunyar farko da hannunsa ya kewaye ta. Ya ce abin da yake karantawa a nan ba wani abu ba ne, addu'o'i ne da ta kan so ji in yana bita da safe.

Na ce, "Baba, bari in kawo dutse in kahwa. In rubuta, kada wani shi sake yin abin da na yi."

Ya girgiza kai. "Ba mu yin haka. Allah ya san wurin, ni na sani, yanzu kai ma ka sani. In ka samu ɗa, kai dai kak ka yi shiru irin nawa."

Ya ɗaure gafakar, ya ajiye ta a kan rigarsa da ya tuɓe. Na ɗauka zai ce a kwance shanu a mayar wa mai garma garmarsa, kuma da ya faɗa da ban yi musu ba. Sai na ga ya nufi taubashina ya miƙa hannu. Taubashina ya ba shi igiyar, baki buɗe.

"Rana na yi," in ji Baba. "Ƙasag ga ba ta jiran kowa. Kama."

Na kama hannun garma. Ya ja shanun ya kai su bakin tsohuwar kunya, ya bi da su ta gefe, a hankali, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, suka kewaye wurin ba gardama kamar sun shekara suna yi. Ni ina biye, idona ya cika, ina ganin bayansa dishi-dishi, ƙashin kafaɗarsa da furfurar ƙeyarsa. Muka kai ƙarshe muka juyo. A juyi na biyu na ji in ban tambaya yanzu ba, bakin nan zai sake rufewa, wataƙila har abada. Na tattaro ƙarfin hali.

"Baba, yaya kamanninta suke?"

Bai tsaya ba, bai kuma waigo ba. Muka yi taku kusan goma, har na fid da rai. Sai na ji ya yi magana, ba da ni ba, da farin bijimin da ke kusa da kafaɗarsa.

"Ka ji shi, wai kamanninta yake tambaya. Shi da ya kwashe huskar duka bai rage komi ba, har mutum ba ya iya dubanshi."

Ya ja igiya, shanun suka ci gaba. Na sunkuyar da kai na danna garmar, muka yi ta huɗa har aka kira azahar.